Sukarin Da Ya Ƙi Narkewa

Litinin, 3 ga Maris
Malamar kimiyya ta ce kowa zai yi gwaji a gaban aji, wanda bai buɗe baki ba, ba shi da maki. Ni ta ba narkewa. Sukari shi ne mai narkewa, ruwa mai narkarwa, in nuna yadda ruwa ke sha har ya ƙoshi. Ni da ko sunana aka kira sai in sunkuyar da kai.

Talata, 4 ga Maris
Na gwada a kicin. Yaya ta tare gaban tulu da wanke-wanke, na ji nauyin ce mata ta matsa, sai na tsiyayi ruwan fulas ɗin Umma. Cokali bayan cokali, duk ya ɓace. Yaya ta leƙo ta ce, "Likita, in kin gama a ba mu shayin."

Alhamis, 6 ga Maris
Kaico.
Na ce wa 'yan aji cokali takwas zai ɓace tas. Ruwan famfo aka ba ni. Tun a na huɗu sukari ya kwanta a gindin kofi kamar yashi. Na juya, na juya, cokali yana ƙara a kofi. Wani a baya ya ce, "Malama, ruwanta azumi yake!" Aka tuntsire. Malama ta ce, "Me ya faru?" Na sani? Na koma kujera. Ba ta rubuta mini komai ba.

Juma'a, 7 ga Maris
Na ce kaina ke ciwo. Umma ta taɓa goshina, ta bar ni a gida.

Asabar, 8 ga Maris
Ina haɗa wa Abba shayi, tururi ya bugi fuskata. Na tsaya da cokali. Ruwan gida mai zafi ne, na aji mai sanyi! Na jera kofi biyu na gwada. Haka ne. Amma wa zan faɗa wa?

Litinin, 10 ga Maris
Hannuna ne ya tashi, ban san lokacin ba. Na ce, "Malama, zafi ne." Ta ce in ɗaga murya. Na ɗaga, kaɗan. Ta ce Laraba in sake, da kofi biyu.
Har yanzu tsoro nake ji. Yarinyar gefena ta ce za ta riƙe mini kofi ɗaya. Ban ce to ba. Na dai janye jakata daga tsakaninmu.