Na Miƙe Rumbun da Yayana Ya Karkatar da Gangan

Assalamu alaikum jama'ar wannan zaure. Admin a sakaya sunana. Don Allah shawararku nake nema, wanda zai faɗa min magana ma ya faɗa, na san na jawo.

Ni dillalin riɗi da hatsi ne a Birnin Kudu, da awon tiya na fara har Allah ya buɗa. Halina ɗaya, ba na iya kallon mutum yana ɓata kwana goma a aikin awa guda. Wannan halin ne ya kai ni ya baro.

Ina da yaya, ɗan wan babana ne, zan kira shi Yaya Habu, yana Farin Dutse ta wajen Gwaram. Bara ya samu shanyewar ɓarin jiki, hannun dama ya yi nauyi, likita ya ce ya riƙa motsa yatsun kullum. Ni na sa masa wani wasan gini a waya, wanda ake jera bulo ɗaya bayan ɗaya mutum ya gina abin da ya ga dama. Na haɗa mu a fili guda, ina ganin gininsa daga nan, yana ganin nawa.

Sai ya kama gina rumbu. Wanda ya san wasan ya san da'ira ce wahala, don bulon mai kusurwa huɗu ne. Ni tuni na gano dabara, kwata ɗaya za ka jera, ka kwafe shi ka juya sau uku, da'ira ta haɗu, sai ka yi ta ɗora sahu, kana buɗawa a ciki kana tsukewa a wuya. Na nuna masa, ya ce in bar shi da tafiyar hawainiyarsa. Wata huɗu yana abu ɗaya da yatsa guda, kuma rumbun ya karkace gabas, cikinsa ya turo gefe ɗaya.

Wata ranar kasuwa ina jiran mota ta gama lodi, na leƙa na ga abin, raina ya ƙi. Na rushe shi, kafin direba ya ɗaure tamfol na tsayar da sabo santal, har da jinka. Wallahi a zatona gwaninta na yi.

Washegari ya kira ni yana tambaya ko na taɓa masa gini. Yadda na ji muryarsa ne ya sa na ce ban ma shiga ba, ƙila wasan ne ya sabunta kansa. Sai ya ce ai rumbun marigayi babansa yake ginawa, wanda aka ɗora a kan dutse shi ya sa ya karkace, turowar nan kuma wajen da baban nasa ya yaɓe ne shekarar da ruwa ya ci gefen. Rumbun ya daɗe da faɗuwa, ko hotonsa babu. Jama'a, da babana ya rasu, daga rumbun nan aka ciyar da mu shekara biyu. Na kalli ginin nan wata huɗu ban gane shi ba.

Yau sati uku bai shiga wasan ba. Matarsa ta ce min ya jefa wayar a kwaba, yatsun sun fara komawa su dunƙule, in ta yi magana sai ya ce me zai gina, abin da na'ura za ta share. Wato ƙaryata ce ta hana shi komawa. Na gwada mayar masa da karkataccen a ɓoye, na kasa, dabarata miƙaƙƙe kawai take fitarwa, kuma ban tuna inda yaɓen yake ba.

In na faɗa masa gaskiya, ina tsoron hawan jininsa, ga kunyar ƙaryar da na yi wa mutumin da ya goya ni. In na yi shiru, hannun ne zai tafi. Jibi ina da lodi a Gwaram, ta ƙofar gidansa zan wuce. In tsaya in ce masa ni ne, ko yaya zan yi?