Jakin Kotu a Tsakar Gidana

'Yar nan mai ba da shawara, ki taimaki tsohuwa, kaina ya ɗaure. Karatuna bai yi nisa ba, inda kika ga rubutu ya karkace ki miƙe shi da kanki.

Ina da jika, Maigidana nake ce masa tun yana rarrafe, ko da yake miji ne da bai taɓa ba ni kuɗin cefane ba. Ma'aikacin kotun garinmu ne, shi ke kai sammaci, shi ke ɗauko kayan da alƙali ya ce a riƙe. Bara wasu mutum biyu suka yi rigima a kan jaki, mai ɗiban yashi da mai sayar da itace, kowa ya rantse nasa ne. Alƙali ya ce a tsare jakin sai an gama shari'a. To ɗakin ajiyar kotu na karyayyun kujeru ne da tsofaffin fankoki, ba ya ɗaukar mai numfashi. Sai ga Maigidana da rana tsaka yana jan igiya, wai in riƙe masa baƙo na ɗan lokaci.

Ɗan lokacin nan har yau bai ƙare ba. Masu rigima da suka ji abin da jakin ya ci ya wuce kuɗinsa, sai kowa ya sulale. Yanzu ko a hanya suka hango yaron nan, kwana suke sha. Dusa da harawa da maganin tsutsa, har ladan mai gyaran kofato, duk daga albashinsa suka fita. Ya nemi hukumar gari ta mayar masa, aka yi ta yi masa jeka-ka-dawo har takalminsa ya huje. Shi ne ya kai su ƙara. Kin ji fa, mai kai sammaci ya kai wa iyayen gidansa sammaci! Lauyan hukuma, wani siriri kamar tsinken tsintsiya, ya miƙe ya ce ai jaki ciyawar Allah yake ci, ba a kashe masa komai. Da ma a ara masa shi ya gani.

Ga inda gizo ke saƙar. Ni ce shaida, don ni ke zuba masa abinci. Alƙali kuma ya ce in kuɗin ya tabbata, za a yi gwanjon jakin a fara biyan yaron, hukuma ta cike sauran. Ni kuwa, 'yar nan, na saba da dabbar nan. Tun rasuwar Malam gidan ya yi mini shiru, sai da jakin ya zo. Taurin kansa sak na marigayi, ki ce gabas ya yi yamma, har yadda yake kallona ta wutsiyar ido in ina faɗa. Da safe sai ya zuro kai ta tagar ɗakin girki, in ba shi karas da ɓawon kankana, mu yi hirarmu. Ran nan ya tauna zanen maƙwabciyata a kan igiyar shanya. Na ba ta haƙuri a fili, na shige ɗaki na yi dariya har da hawaye, don da ma zanen bai karɓe ta ba.

In na faɗi gaskiyar cinsa, yaro ya samu kuɗinsa, ni a raba ni da abokin hira, a mayar da shi ɗaukar yashi ana jibgarsa. In na ce ciyawar bakin hanya yake ci, jaki ya zauna, yaro ya yi asara, kuma kuɗin aurensa ne aka cinye. Ban gaya masa abin da ke raina ba. Ina jin kunya a ce tsohuwa ta fifita jaki a kan jika. Yaya zan yi?

Kaka mai baƙo

Amsa

Kaka, Allah ya ƙara miki lafiya. Kin ba ni dariya, amma zancen rantsuwa a gaban alƙali ba na wasa ba ne, don haka mu fara da shi: ki faɗi gaskiya. Ƙaryar ma ba za ta riƙe miki jakin ba. Ajiyar kotu ne, ko an biya jikanki ko ba a biya shi ba, wata rana za a zo a kwance igiyarsa. Sai ki tashi babu tsuntsu babu tarko.

Jikanki yana da haƙƙi. Umarnin kotu ya bi, kuma bai dace ƙaramin ma'aikaci ya ciyar da ajiyar hukuma daga aljihunsa ba. Amma ita ma hukuma tana da abin cewa. Dukiyar jama'a ce a hannunta, ba ta fitar da ita don kawai mutum ya ce na kashe. Da ya nemi izini tun farko, yana ajiye shaidar saye, da ba a kai nan ba. Ki taimaka masa da abin da idonki ya gani, kada ki ƙara gishiri. Ya kira mai dusa da mai gyaran kofato su ma su yi shaida. Karas da ɓawon kankana kuwa kyautarki ce, ba a ɗora wa hukuma kuɗin shagwaɓa.

Sannan ki zaunar da shi yau ki gaya masa kina son jakin. Zai tsokane ki, wannan babu makawa, ki jure, ke ma kin sha tsokanarsa. Shi ko lauyansa, in yana da shi, yana iya roƙon sulhu: a yi wa jakin kuɗi a bar wa jikanki shi, a cire daga abin da yake bin hukuma, a biya shi ragowar, ku kuma ku sasanta tsakaninku a gida. A wurare da yawa an hana ma'aikacin kotu sayen kayan gwanjo, don haka a yi komai a fili da amincewar alƙali. In alƙali bai yarda ba, 'ya'yanki su haɗa miki ƙarfi ki je wurin gwanjon ki taya da kanki. Ki dai sani daga ranar, dusa ta dawo wuyanki.

Allah ya ba yaro haƙƙinsa, ya sa alƙali ya dube ki da idon rahama. In kuma aka yi gwanjo wani ya fi ki hannu, ki tambaye shi kwatancen gidansa, ki roƙe shi ya sassauta bulala. Babu dokar da ta hana ziyara.