Bello Ya Yi Salla a Zaune

Laraba, bayan Isha'i

Barci ya ƙi zuwa. Bello ya yi sallar Isha'i a masallaci zaune bisa kujerar roba, kusa da tsofaffi, ni kuwa ina tsaye bayansa da gwiwoyina lafiya lau.

Ni na ja mishi. Tun da munka samu rigar matsin nan a wurin da muke ɗaga ƙarfe, wadda ke ɗaure cinya ta taimaka wa mutum ya miƙe in ya tsuguna da ƙarfe, na zuga shi munka daina atisayen tsugunno ba tare da rigar ba. Ya ce, "Aboki, ƙafa fa za ta manta aikinta." Na ce mishi tsoro ne kawai. Gaskiyar magana, daɗi nake ji in an jibga faya-fayan ƙarfe a sandar ɗagawa, mutanen Ƙofar Kware suna tsayawa kallo.

Yau zafi ya hana shi sa rigar. Da hannuna na ɗora mishi nauyin da ya saba ɗauka da ita, ko kaɗan ban rage ba. Ya dubi ƙarfen, ya dube ni. Na ce, "Shiga, ina bayanka." Ya tsuguna, bai taso ba. Ƙarar da gwiwarsa ta yi har yanzu tana kunnena.

Da mai ɗori ya gama, na goyo shi a babur zuwa gida. Innarsa ta tarbe mu a zaure tana cewa, "Allah shi yi ma albarka, ɗana. Ba don kana wurin ba, wa za shi kama mishi ƙarfen?"

Na ce amin. Bello ya dube ni, ya kau da kai. Wallahi da zagina ya yi, da yanzu na yi barci.