Kakin da Na Kankare

Ikara, Laraba, bayan isha'i

Jitar nan ta kunyata ni yau. Tun da Tanimu mai gyaran rediyo ya sauya mata ƙarfen da ke ɗaukar sautin tsirkiya, da na jona ta da lasifika sai ta kama kuka kamar an taka kare. A gaban malamai ta yi, muna gwajin wasan bankwanan hedimasta. Hedimastan ya toshe kunne ya ce, "Malam Isa, a ba ta ruwa mana."

Na matsar da lasifika, na canza batir, duk a banza.

Na bi mota har Makarfi, na zazzage wa Tanimu masifa a gaban jama'a, ga shi ya girme ni. Ya karɓi jitar, ya buɗe ta ya duba.

"Malam, ina kakin zuman da na ɗura nan? Shi ke hana ta kuka."

Ni na kankare shi da wuƙa shekaranjiya, ranar da na karɓo ta. Na ɗauka datti ne.

Har yanzu haushinsa nake ji, me ya hana shi gaya mini? Gobe kuma ni zan sayi kaki, in je in durƙusa masa a gaban mutanen nan.