Jan Fenti a Buhun Bappa

Ƙofar Ran, Bauchi
12 ga Janairu, 2024

Zuwa ga Adda Yelwa,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kina lafiya, da maigidanki Malam Badruddeen, da ɗana Ikrima sarkin ɓarna. Yaya mutanen Misau? Mu nan lafiya lau. Bappa ma lafiya, sai faɗan da kika san shi da shi.

Kin aiko direba ya tambaye ni sakamakon jarrabawa. Na sake faɗuwa, Adda, karo na biyu, kuma a darasi guda: ajiyar hatsi. Ki ji abin kunya. Mutumin da ya shekara shida yana ɗinke buhunan wake a siton Bappa, shi ne ya kasa rubuta yadda ake ajiye wake. Malamarmu a kwalejin noma, Malama Cecilia, ta kira ni ofis ta ce hadda nake yi ba karatu ba. Ta ce duk abin da na karanta in koyar da shi a bainar jama'a, inda wani zai iya ƙaryata ni.

Na bi maganarta don ba ni da wata dabara. Kowace Juma'a in an sauko masallaci sai in jingina wayata da mudu, in yi bayanin minti uku da Hausa, in sa a Fesbuk. Na farkon mutum goma sha ɗaya suka kalla, uku daga ciki ni ne. A na biyu wani dattijo daga Ningi ya rubuta cewa ban san yadda ake gane wake ya bushe ba, ya ce a ciza da haƙori, in ya yi ƙara to ya isa ɗinki. Na yi kwana biyu ina jin haushinsa, sannan na buɗe littafi na tarar da gaskiyarsa. Abin da aka gyara mini a gaban mutane ba ya fita daga kaina. Bappa dai dariya yake yi, ya sa mini suna malamin waya.

Ki sa ni a addu'a. Ki gaida kowa.

Ƙanenki,
Babayo

Gwallameji, Bauchi
20 ga Maris, 2024

Adda Yelwa,

Assalamu alaikum. Ina gaisuwa, yaya ibada? Allah ya karɓa mana. Kin ga adireshina ya canja. Na rubuto ne don wannan magana ta fi ƙarfin waya.

Wata mai ƙosai ta yi mini tambaya a ƙarƙashin bidiyona. Ta ce me ya sa wani waken yake shekara ba ƙwaro ko ɗaya, kuma in an buɗe buhun sai wari ya bugi hanci? Ban so in ba ta amsar ka-cici-ka-cici, sai na zauna na yi kwana uku ina karatu. Adda, ruwan nan da muke yayyafa wa wake kafin ɗinki, wanda Bappa yake kira maganin ajiya, fiya-fiya ne. An yi shi don kashe ƙwari, ba don abin da mutum zai kai baki ba, kuma wanki ba ya fitar da shi duka. Shekara shida ina zuba shi da hannuna ina fito.

Bappa na fara samu da maganar. Ya ce kowa a layinmu haka yake yi, kuma da waken nan ya riƙe mu tun rasuwar Baba. Gaskiya ya faɗa, shi ya sa ta yi mini ciwo. Duk da haka na yi bidiyon. Ban kama sunan kowa ba, wallahi. Na bayyana illar abin, na nuna buhu mai leda biyu a ciki wanda ƙwari suke mutuwa a cikinsa don rashin iska.

Wautata ita ce a cikin sito na ɗauka. A bayana buhuna ne jere har rufi, kowanne da zane uku na jan fenti a wuya. Kin san kowane ɗan kasuwa da alamarsa, kuma babu ɗan dako ko mai ƙosai a garin nan da bai san ta Bappa ba. Ni kaɗai ban gan ta ba, don kullum ina ganinta. Ni da nake roƙon mutum ashirin su kalle ni, wannan karon dubu arba'in suka kalla.

Cikin mako guda masu ƙosai suka ɗauke ƙafa, ana cikin azumi, lokacin da wake ya fi tafiya. Maƙwabtanmu na layi, waɗanda muke sayen kwalba ɗaya a wuri ɗaya da su, su ne suka fi kowa yin Allah wadai, suna yi suna auna wa masu sayen Bappa. Na goge bidiyon, amma ya riga ya shiga wayoyin da ban san masu su ba.

Bappa bai yi faɗa ba, kuma da ya yi da na fi samun sauƙi. Ya karɓi makullin sito, na dawo gida na tarar da kayana a zaure. Yanzu ina raɓe a ɗakin wani abokin karatuna.

Na san za ki ce na tona asirin gida. Ki faɗa, na ji daga waɗanda ba su kai ki ba.

Ƙanenki,
Babayo

Gwallameji, Bauchi
24 ga Yuni, 2024

Adda Yelwa,

Assalamu alaikum. Barka da Sallah, da fatan an yi lafiya. Ba ki amsa wasiƙata ba, na kuma fahimta.

Sakamako ya fito. Ni na zo na ɗaya a ajiyar hatsi. Malama Cecilia ta karanta sunana a gaban aji, ta ce ga shaidar cewa mai koyarwa ya fi kowa koyo. Aka tafa mini. Na zauna ina kallon tebur, don ba wanda ya san nawa na biya.

Ranar Sallah na je Ƙofar Ran gaisuwa. Bappa yana zaure da baƙi. Ya miƙa wa kowa hannu, da ya zo kaina sai ya gyara hularsa ya wuce. Ya rame, Adda. Mutumin da ya ɗauke ni a kafaɗa zuwa Idi ina yaro. Ina jin haushin maƙwabtansa, ina jin haushin masu tafi, amma na fi jin haushin kaina, kuma har yau ban ga ta yadda zan ce abin da na faɗa ƙarya ne ba.

Ga dalilin wannan takarda. Na ji waken da ya ƙi sayuwa Bappa yana raba wa dangi, kuma an ɗora miki buhu guda a motar Misau. Don Allah kada ki dafa shi. Kada ki ba maƙwabta, kada ki zuba wa awaki. Kayan kakar bara ne, ni na yayyafa musu maganin da kaina, kuma na ninka shi don a ce na iya aiki. Kada kuma ki mayar wa Bappa, zai ce na bi shi har gidan 'yarsa. Ki yi masa godiya, ki haƙa rami a bayan gida.

Ba sai kin yafe mini ba kafin ki yarda da ni. A kan wannan abu guda na san abin da nake faɗa, duk garin nan sun tabbatar mini.

Idan kuma kin riga kin dafa wa Ikrima, kada ki gaya mini.

Ƙanenki har kullum,
Babayo