Alƙiblar Masallacin Baba

Asabar, 12 ga Yuni, 1999

Soja sun koma bariki, har mun fara shan romon farar hula. Babaji, sabon kansilanmu, ya aiko wa masallacin Baba da kafet. Kore, mai layi-layi, kowane mai salla da gurbinsa. A a-kori-kura aka kawo shi, Babaji na biye da mai ɗaukar hoto. Mutumin da ban taɓa ganin takalminsa a ƙofar masallacin nan ba. To, Allah ya karɓa, ni wane ne.

Baba ya ji daɗi ƙwarai. Shi ya gina masallacin da hannunsa, shi da mutanen Ƙofar Marusa na wancan lokaci, tun ba a haife ni ba, kuma shi ke limanci har yau. Ya shafa kafet ɗin ya ce gwiwoyinsa sun gode. Sai an gama shafen siminti za a shimfiɗa.

Talata, 15 ga Yuni

Bashir, na'ibin Baba, ya tare ni bayan Magariba. Yaro ne mai karatu, bara ya dawo daga makaranta da gemu da hujjoji. Ya ce, "Yaya Alamin, kai da kake safiyo, ba ka auna muna alƙibla kahin a shimhiɗa?"

Abin ya tsaya mini a rai. Na ƙare ƙuruciyata ina auna filayen mutane, na san inda katangar kowa ta ci ta maƙwabcinsa, amma ban taɓa tambayar ina nake kallo in na ce Allahu akbar ba. An ce gabas, na fuskanci gabas. Yanzu hannuna ƙaiƙayi yake yi.

Alhamis, 17 ga Yuni

Na zo da kamfas ɗin ofis, tsakanin Azahar da La'asar, ba kowa ciki sai ƙadangaru.

Bangon gaba, gabas yake kallo sak. Makka kuwa daga Katsina ba gabas sak take ba, sai ka ɗan kwanta arewa, kusan digiri ashirin. Na ce ko ƙarfen taga ne ke jan allurar, na koma tsakiya. Na cire agogo. Na fita waje na auna daga jikin bango. Ba ta canza magana ba.

A nan kaɗai zan faɗa: daɗi na ji. Irin daɗin mai tonon rijiya in ya ji ƙasa ta fara laima. Na samu Bashir a shagon ɗinki na gaya masa, har da zane a bayan kwalin sabulu.

Da na ba matata Furera labari, tana tankaɗe, ba ta ɗago ba. "Ka hwaɗa ma Baba?" Na ce tukuna. "Bashir dai ka hwaɗa mawa." Ta ci gaba da tankaɗenta. Matar nan ta iya yin shiru da ƙarfi.

Litinin, 21 ga Yuni

Abu ya zame mini ciwo, duk inda na ga an jera duwatsu don salla sai na zaro kamfas. Masallacin ofishinmu ya fi na Baba karkacewa, kudu ma ya nufa, kuma a nan manyan safiyon jiha ke goga goshi. Na 'yan kabu-kabu a bakin tasha kuwa, wanda suka shata da ƙafa, saura kaɗan ya dace. Na ɗakina ma ba a magana.

Gari guda, kowa da inda ya sa gaba, kowa kuma ya tabbata. Ina mamakin yadda abin yake in an hango daga sama.

Juma'a, 25 ga Yuni

An zauna a zauren Baba bayan La'asar, dattawan unguwa da Bashir da ni. Bashir ya yi bayani da ladabi, ba zan ci haƙƙinsa ba. Aka ce in yi nawa. Na ji muryata tana faɗin digiri a gaban mutanen da suka yi mini wankan suna.

Baba bai yi musu ba. Ni ne ma na kasa riƙe bakina na tambaye shi yadda suka kafa alƙiblar. Ya ce, "Rana muka bi. Muka tsaya da sahe, inda ta hito nan muka buga turke, muka ja igiya." Na ce wane lokaci ne? Ya ce farkon bazara, lokacin gini.

Nan na gano. Farkon bazara rana gabas sak take fitowa. Da a watan nan da muke ciki suka buga turken, lokacin da ta fi kwantawa arewa, da sun dace ko sun kusa. Wata uku ne kawai tsakani. Na so in faɗi haka, abin ya ba ni sha'awa ainun, sai na ga fuskarsa na haɗiye.

Ya ce, "In haka na, a gyara. Ba mu gardama da gaskiya." Aka shafa fatiha.

Lahadi, 4 ga Yuli

An shimfiɗa kafet a karkace, an yanke kusurwoyi. Sahun gaba ya gajarce, na baya ya ƙare a lungu kamar yankan alkaki. Tsofaffi na ta neman gurabensu na da.

Baba yana tsayawa a gicciye, kafaɗarsa ta dama kusa da bango. Idonsa ba ya ganin layin sosai, jikinsa kuma ya saba. Kafin raka'a ta biyu ya koma inda ya sani. Yau a La'asar Bashir ya miƙa hannu daga sahu ya kama gefen rigarsa ya juya shi, ana cikin salla. Kowa ya gani. Na rasa ayar da nake karantawa.

Laraba, 14 ga Yuli

Furera ce ta lura. Ta ce in Baba ya dawo daga masallaci ba ya zama, sai ya sake tada wata sallar a zaure, ya sallame ya sake tadawa. Abincin rana har ya huce. Na ɗauka nafila ce.

Na tambaye shi. Ya ce ramuwa yake yi. Ramuwar me? Ta duk sallar da ya yi a masallacin, shekara arba'in da ɗoriya.

Na ce Baba, ai ba da gangan ba ne. Ya ce, "Da ni kaɗai na, da sauƙi. Mutane na ja. Wasu sun tahi, ba su san sun bi karkataccen liman ba. Mi zan ce masu?"

Na fara lissafin yawan sallolin a kaina, halin aiki, na ji tsoro na bari. Mutumin da sai ya dafa bango yake miƙewa.

Alhamis, 15 ga Yuli

Gwiwarsa ta dama ta kumbura. Furera ta gasa masa da ruwan zafi, ya bari ta gama, ya tada salla.

Lahadi, 18 ga Yuli

Ina shirin fita ya kira ni. Ya daɗe yana jan carbi kafin ya ce, "Uwarka fa? Da muka kwantar da ita, ina muka sa ta kallo?"

Na je maƙabarta. Na gaya wa kaina addu'a zan yi, amma kamfas na aljihu, kuma ba shi ya sa kansa ba. Ciyawa ta rufe ko'ina. Na yi mata addu'ar, na juya zan tafi, na dawo na auna. Ita ma gabas sak, ita da duk na kusa da ita. Masu haƙa ma rana suke bi.

Da na dawo ya ɗago kai. Na ce ban auna ba.

Asabar, 24 ga Yuli

Na tafi Ƙofar 'Yandaka wajen Malam Mustapha, abokin karatun Baba tun suna samari, wanda duk garin ke kai wa tambaya. Bayan doguwar gaisuwa na kwance masa komai. Ya yi dariya har da tari. Ya ce wanda ke nesa da Makka ɓangaren kawai aka ɗora masa, ba tsinin allura ba, kuma wanda ya yi iya ƙoƙarinsa ya kuskure babu ramuwa a kansa. Gyaran da aka yi ya yi kyau, sallar da aka yi a baya ma ta yi.

Na ce to Malam, in duka biyun sun yi, me ya sa muka yanka kafet? Ya ce, "Kai ka sani, kai ka zo da na'ura."

Na ɗauko shi a bayan babur har gida. Ya maimaita wa Baba, ya jawo hujja kan hujja. Baba ya saurara kansa a ƙasa, ya ce, "Na ji, Malam, hukunci ke nan. Amma abin shina nan," ya dafa ƙirji. Suka yi hirar mutanen da, suka yi dariya, na raka Malam. Na dawo na tarar da shi a tsaye ya kabbarta.

Wannan ne ban gane ba, kuma ina son in gane. Ni hukunci nake nema kullum, in an ce ya halatta in yi barcina. Shi an sauke masa kayan ya ƙi saukewa. Taurin kai ne, ko wani abu yake da shi wanda ni ban taɓa samu ba? Haushinsa nake ji. Ina kuma jin wani abu kamar kishi.

Litinin, 2 ga Agusta

Bashir ya zo ofis, bai taɓa zuwa ba. Ya zauna yana murza hula. Ya ce shi wallahi bai ce a rama ba, gyara kawai ya so. Ya ce tun ranar da ya ja rigar Baba hannunsa ke masa nauyi. Har idonsa ya kawo ruwa. Na so in sauke masa duka, da na samu sauƙi, sai dai ba shi ya san inda ake ajiye kamfas ba.

Babaji kuwa hoton kafet ya fito a kalandarsa.

Talata, 10 ga Agusta

Baba ya faɗi a ruku'u, a zaure, cikin ta ramuwa. Goshinsa ya fashe kaɗan. Likita ya ce gwiwar ta gaji, in bai huta ba zai daina takawa gaba ɗaya.

Ya aika aka kira Bashir ya ba shi limanci. Ba wa'azi, ba komai, cewa ya yi kawai, "Ka riƙe mutane da sauƙi." Bashir ya durƙusa ya karɓa.

Ni kuma ya sa na ja masa layi da alli a daɓen zaure, daidai alƙibla, a kan layin ake shimfiɗa masa buzu. A zaune yake salla yanzu. Ramuwar ba ta tsaya ba. Ya rame, wuyan rigarsa ya yi masa yawa. Ina tsoro, ban faɗa wa kowa ba.

Alhamis, 19 ga Agusta

Ruwa ya tsuge daf da La'asar, lungu ya zama kogi, ba halin zuwa masallaci. Na ce Baba ja mu. Ya ce, "Ni?" Na ce to wa. Na tsaya a damansa, shi a zaune ni a tsaye.

Ya fara a kan layi. Da ya ɗago daga sujada ta farko ya gyara zama saboda gwiwar, ya ɗan goce. A raka'a ta biyu ya ƙara. Kafin ta uku ya koma gabas sak, layin alli ya fito fili ta gefen buzun, ina kallonsa ƙuru-ƙuru. Na san abin da mamu ke yi, subhanallah ɗaya ta isa. Har na buɗe baki. Ina jin numfashinsa, da ɗan nishin da yake yi in zai sunkuya, da yadda yake jan kabbara a hankali kamar yana lallashin wani. Na matsa ƙafata na daidaita da shi.

Da muka sallame ya shafa daɓen yana laluben layin, hannunsa bai kai ba. Ya ce, "Lamin, ban karkace ba?"

Na ce, "Mun yi salla, Baba."

Ya dube ni da idon nan nasa da ba ya gani sosai, ya daɗe. Ina jira ya ɗaga hannu ya tada ta ramuwa. Sai ya jingina da bango ya ce in ce wa Furera ta kawo furar nan, yunwa yake ji. Wataƙila gajiya ce kawai, gobe ma rana ce, ban sa rai ba.

Tawa sallar, ban san ko ta yi ba. Malam Mustapha zai sani. Ba na jin zan je.