Muryar da Ke Raka Inna

Aikin farko na yau: wanke wa Inna ido da ruwan ɗumi. Na gama, na zauna rubutu.

Yaya,

Gaisuwa mai yawa, da fatan ke da maigida da yara kuna lafiya. Na samu saƙonki cewa ƙarshen wata za ki ɗauke Inna ta koma wurinki. Ban ce ba ki da gaskiya ba. Tun da idonta ya rufe ba ta taka ƙofar gida ba, a bakin taga take yini tana sauraron injin niƙa.

Amma wasu ɗaliban kwalejin bayan layinmu suna haɗa manhaja don makafin unguwa. Waya a aljihu, abin ji a kunne, murya tana gaya wa mutum hanya har asibiti ko kasuwa. Shugabarsu, wata doguwa da suke kira Injiniya, ta ce tsofaffi sun fi yarda da muryar ɗan gida, sai suka naɗi tawa. Anya ban yi karambani ba? Ki ɗan ƙara mana lokaci.

Ƙaninki, Auta

Auta,

Muna lafiya, ina gaida Inna. Kai da za ka kulle ƙofa ka dawo daga bakin titi ka duba ko ka kulle, kai ne ɗan jagora? Waya ba ta riƙe hannun mutum. Na riga na gyara mata ɗaki. In ta iya zuwa gidan Gwaggo ita kaɗai kafin in zo, na bar maka ita. In ba haka ba, ka ɗaure kayanta.

Yayarka

Yaya,

Bayan gaisuwa, kin san hali. Gwajin farko ya watse. Ashe abin da na naɗa duk "wataƙila akwai rami" ne da "ki ɗan dakata tukuna". Inna ta tsaya cak a bakin famfo, ta cire abin kunnen, ta ce, "Auta, duhun nan bai tsorata ni kamar muryarka ba." Ɗaliban suka yi ta dariya, ni kuwa kamar in nutse.

Sai Injiniya ta rusuna ta ce, "Inna, ko ke za ki faɗa mana hanyar?" Suka jera da ita suna naɗa. Yaya, da kin ji. Tana tafiya a hankali kamar mai ratsa ruwa, tana cewa, "Nan ƙamshin katako, shagon kafinta ne, a bi hagu. Nan ƙasa ta yi laushi. In sanyi ya sauka a kafaɗa, an shiga inuwar bishiyar da mahaifinsu ke tsayawa da kekensa yana jira na." Sai na ga layinmu ya zama wani wuri, kamar ban taɓa bin sa ba.

Yanzu muryarta ce a manhajar. Tsohon malamin nan makaho ya je asibiti da manhajar. Jiya kuma Inna ta nufi gidan Gwaggo, muryarta a kunnenta, har tana yi wa muryar gardama. Na bi ta a ɓoye. A kwanar kafinta ta ce, "Takalminka na ƙara, koma gida." Na koma. Ta dawo da yamma, mayafinta yana ƙamshin turaren Gwaggo.

Ban san ko wannan ya isa ba. Na tura miki muryar a waya. Ki huta lafiya.

Auta

Auta,

Ina gaisuwa. Na saurara a kicin har girkina ya ƙone. Na ji ƙarar keken Baba, alhali babu shi a ciki. Ɗakin na bar wa yara. Zan zo dai, amma ka ce wa Inna ita za ta taro ni a bakin layi. Sai na zo.

Yayarka

Yaya,

Na gode, Allah ya kawo ki lafiya. Inna ta ce kada ki makara, tana da wuraren zuwa. Ayyukan gobe:

Cajin wayar Inna.
Gyara sakatar ƙofa, ta yi mata tauri.
Kwance kayanta da na riga na ɗaure ba ta sani ba.
Zama a gida idan ta fita.

Auta